Ɗan da Ya Hana Ubansa Burodi

Talata, da hantsi

Tela ya sake rage wa Baba wando. Da ya rage ya yi shiru, da ba komai. Sai da ya fito bakin shagonsa ya ɗaga shi sama kamar mai gwanjo, ya ce, "Buhu, wannan na mahaifinka ne ko na ɗanka ɗan firamare?" Layinmu kaf aka yi dariya. Ni ma na yi, har na fi kowa, don a kasuwar nan in aka gane inda ke maka ciwo, nan za a riƙa gaishe ka kullum. Na ce masa tsohon gayu yake ji, ya ga samari na sa matsattsu.

Buhu suke ce min tun ina saurayi, ban kuma taɓa musu ba. Fulawa nake sayarwa, sari da awo, in na zauna a cikin kayana sai ka duba sau biyu kafin ka ware ni. Ga ni haka, ga ubana a gidana kamar tsinken tsintsiya. Ba sai an faɗa min abin da mutane ke rayawa ba.

Alhali yana ci. Wallahi yana ci.

Laraba, bayan azahar

Yaya ta zo ba sanarwa. Ta daɗe a ɗakin Baba. Da ta fito ba ta zauna ba, jakarta ma ba ta ajiye ba.

"Auta, me kuke ba shi?"

"Abin da muke ci, Yaya. Har da wanda ba ma ci."

"To ina yake tafiya?"

Tumbina take kallo tana tambayar. Uwar yara na tsaye a ƙofar kicin da ludayi a hannu, na ga ta buɗe baki ta rufe.

"Ni ban ce komai ba," in ji Yaya. "Amma in wata ya mutu ban ga canji ba, da mota zan zo. Gidana ba sito, amma akwai ido."

Ranar da Inna ta rasu, mu duka kowa ya yi wa Baba tayin ɗaki. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya ya ce wurin Auta zai zauna, gidansa na ƙamshin aikinsa. Rayuwarsa duka a bakin wutar gidan burodi ya yi ta, har yau gashin hannunsa bai dawo ba. Ni ya zaɓa, a gaban kowa. Yanzu a gaban kowa za a zo a ɗauke shi.

Alhamis, da safe

Na samo dabara. Tunda ido suke so, zan ba su abin kallo.

Na ce wa uwar yara zaman ɗaki ne ke cinye Baba, gara ya riƙa bi na kasuwa yana shan iska. Ta dube ni irin kallon da take wa mai kifi in ya ce na yau ne. Ba ta hana ba.

Alhamis, da yamma

Na sa masa benci a bakin shago, daidai inda duk mai wucewa sai ya gan shi. Na aika aka kawo burodi mai zafi daga wurin babban kwastomana, mai shayi ya haɗo masa shayi mai kauri da madara. Kafin ya kai baki sai da ya yi abin da ya saba: ya danna babban yatsansa a gefen burodin, ya cire, ya tsaya yana kallo har wurin ya taso ya cike.

"Ya tashi," ya ce. "Amma sun yi wa wutar gaggawa. Yaran yanzu."

Ya cinye tas. Na ɗaga murya yadda mai barkono a can ƙarshen layi zai ji, na ce, "Baba, a ƙaro?" Aka ƙaro.

Asabar, da la'asar

Kasuwa ta karɓa. Burodi da safe, taliya da rana, biskit a aljihu. Mata masu sayen awo suna ta sa min albarka. Wata ta ce da 'ya'ya haka suke da duniya ta zauna lafiya. Na sunkuyar da kai kamar ba na so.

Tela kaɗai bai saya ba. Ya leƙo da almakashi a hannu ya ce, "Buhu, gidan kallo ka buɗe? Ka ajiye min kujerar gaba."

Na lura ƙafafun Baba sun ɗan cika, har takalmin na matse shi. Na ce alhamdu lillahi, ƙibar daga ƙasa ta faro.

Yana ci. Kowa ya ga yana ci.

Litinin, da rana

Yau na rufe shago da wuri.

Litinin, da yamma

Gudawa ta ƙwace wa Baba yana zaune a bakin shago. Bencin da kaina na wanke. Mai shayi ya kawo ruwa bokiti biyu. Tela ya ba da wani yadi da ba a yanka ba aka ɗaura wa Baba, ko zolaya bai yi ba, kuma shirun Tela ya fi maganarsa ciwo. Layin ya cika da mutane lokacin. Ni na cika shi. Ni na koya musu su riƙa tsayawa a wurin.

A mota Baba yana kallon taga har gida. Da za mu sauka ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Na yi ƙoƙarin tashi, Auta."

Talata, da hantsi

Bai fito daga ɗaki ba. Ban je kasuwa ba.

Na sami uwar yara a bayan gida tana shanya zannuwan gado. Na ce jiya dai tsautsayi ne, ko madarar ce ta lalace. Ta matse zanen ta ce, "Madarar wata nawa ke nan tana lalacewa?"

Ashe tun kafin damina ake wannan wankin. Ashe Baba ne ya roƙe ta kar ta faɗa min. Ta ce abin fari-fari yake fita, da maiƙo, ga wari, ruwa ma ba ya tafiya da shi sai an yi ta zubawa.

"Kuma kika yi shiru?"

"Ka taɓa tambayata? Kai dai abin da ya shiga kake kallo, baban yara. Mu ke ganin abin da ya fita."

Ina da amsa a kan kowace magana, sana'ata ce. Wannan na tsaya ina riƙe mata bakin zane.

Laraba, bayan azahar

Asibiti. Likitar mace ce, ba ta kai shekaruna ba, da tabarau da takalmin gudu. Ta gaida Baba har da rusunawa, ni kuwa ta ce, "Malam, kai ne ɗan?" Na ce ni ne, na fara jero mata abin da yake ci daga safe zuwa dare, kamar ina tallar kaya. Ta bar ni na gama.

"Wannan abin da ya haɗiye ne," ta ce. "Haɗiya daban, abin da jiki ya samu daban."

Ta ja fatar ƙarƙashin idonsa, ciki fari fat kamar takarda. Ta duba bakinsa, duk gyambo a gefe, ban taɓa sani ba. Sannan ta ɗaga ƙafar wandon ta danna babban yatsanta a ƙwaurinsa, ta cire. Ramin ya zauna. Muka tsaya mu uku muna kallo, bai taso ba.

Baba ya ce, "Wannan bai gasu ba."

Ta yi dariya. Ni ban yi ba. Ta ce ruwa ne, ba tsoka ba: in abin gina jiki ya yi ƙaranci a cikin jini, jinin ba ya iya riƙe ruwansa, sai ya tsiyaye ya taru a ƙafa. Ƙibar da na yi wa godiya ke nan.

An ɗebi jini. Za a kuma zura masa siririn bututu mai kyamara ta baki a leƙa ciki.

Juma'a, da safe

Na buɗe shago. Na mayar da bencin can ciki bayan buhuna. Kowa na gaishe ni a hankali kamar an yi min rasuwa.

Litinin, da rana

An zura bututun. Sun ɗan tsinko wani abu daga cikin hanjin za su duba. Da ya farfaɗo abin da ya fara tambaya shi ne ko na zo da burodi. Na zo da shi. Na ba shi.

Alhamis, da la'asar

Bari in rubuta yadda likitar ta faɗa, kafin bakina ya gyara shi.

Ta ɗauko tawul daga jikin ƙofa ta shimfiɗa a tebur. Ta ce Baba ya shafa. Ta ce cikin ƙaramin hanji haka yake, ba sumul ba ne, gashi-gashi ne ƙanana tsaitsaye, ba su ƙirguwa. Abinci in ya narke ya zo wucewa, su ke tsotse amfanin. A cikin kowane ɗaya akwai siraran jijiyoyin jini. Abin da ya zama sukari, da abin gina jiki, da ƙarfen da ake yin jini da shi, duk ta nan suke shiga, jini ya kai su hanta, hanta ta tace, ta ajiye na ajiyewa, ta sallami saura zuwa ko'ina. Maiƙo kuma yawancinsa hanyarsa daban, ta wasu jijiyoyin da ba na jini ba, sai can sama kusa da wuya yake haɗuwa da jinin.

Na karanta wani abu kamar haka a makaranta, na ci jarrabawa a kai, na bar shi a can. Amma da ta faɗa sai na ga kasuwarmu. Mota ta shigo ta ƙofar gaba da kaya, 'yan dako na jere suna saukewa, a kai sito, daga sito a raba wa shaguna. Na faɗa mata haka, don in nuna ba a bar ni a baya ba.

Ta ce, "To, na Baba 'yan dakon sun kwanta." Ta juya tawul ɗin ta nuna inda ya sule ya zama kamar tsumma. "Motar na shigowa a cike, ta ratsa, ta fita ta ƙofar baya a cike."

Shi ya sa maiƙon nan da uwar yara ke gani. Shi ya sa ba jini. Yana ci, sito ba kowa.

Na ce me ya kwantar da su.

Ta ce alkama. Akwai wani abu mai danƙo a cikinta, wanda ke sa kwaɓi ya yi talala in an ja shi.

Baba ya gyara zama. "Ai shi ne ƙarfin fulawa," ya ce. "Wadda ba ta da shi ba ma saye."

"Shi jikinka ya ɗauka abokin gaba, Baba. Duk sanda ya shigo sai masu tsaron jiki su tashi da faɗa, a wurin faɗan suke tattake gashin nan."

"Yarinya, tun kafin a haifi ubanki nake cin burodi."

Ta ce wani tun yana yaro abin ke nunawa, wani sai da girma. Ta ce in aka daina gaba ɗaya, gashin na sake tsirowa, a hankali, ga tsoho ma sai an yi haƙuri. Ba burodi, ba taliya, ba biskit, ba sha'ir. Ba kaɗan ba, ba rabi ba, ko ɓurɓushi. Ta rubuta masa ƙwayoyin ƙarin jini. Sai ta ɗago ta ce, "Da alama abin ya tsananta kwanan nan. Ya ƙara yawan cin burodi ne?"

Akwai hoton ƙashin mutum a bangon ofishin. Na tsaya ina karanta sunayen ƙasusuwan.

Baba ne ya amsa. Ya ce, "Auta na kula da ni sosai."

Ban san ko da gaske yake ba ko yankana ya yi. Har yanzu ban sani ba.

Asabar, da safe

Uwar yara ta ware masa tukunya da cokali da faranti, ta sa musu jan zare. Ni kuma an kafa min doka: in na dawo daga shago, wanka da sauya kaya kafin in taɓa ƙofar ɗakinsa. Ƙamshin da ya zaɓi gidana dominsa, shi nake wankewa a bayan gida kafin in gaishe shi.

Shinkafa, wake, kifi, ƙwai, dankali. Ya dubi farantin safe ya ce, "Wannan abincin rana ne ya yi sammako?"

Lahadi, da yamma

Na kira Yaya na yi mata bayani duka, har da tawul.

Ta ce, "Mai fulawa ya hana ubansa burodi."

"Likita ce ta hana, Yaya."

"Da kana ba shi bai ƙoshi ba. Yanzu ka samo takardar hana shi. Mutumin da burodi ya raine mu da shi, yau shi ne guba? Auta, ni fa na goya ka. Na san bakinka."

Ta san shi kuwa. Matsalar wanda ya iya magana ke nan, ranar da ya zo da gaskiya sai a ce yau ma ya iya.

Laraba, da hantsi

Wankin ya ragu, in ji uwar yara.

Asabar, da la'asar

Gyambon bakin ya fara rufewa. Yau ya yi wa jikokinsa faɗa a kan rediyo, alamar rai ke nan. Ya ce ranar Litinin zai je kasuwa. Na ce ya bari ya ƙara ƙarfi. Ya ce a wurin da mutum ya faɗi a nan ya kamata a ga ya tashi, ba zai bari abin da aka gani na ƙarshe ya zama shi ne ba. Ban iya hana shi ba.

Litinin, da yamma

Ya je. Ya sa farin kaya, ya zauna a teburin mai shayi, ba a shagona ba. Aka yi ta zuwa gaisuwa. Mai shayi don murna ya yanko masa burodi, ya shafa bota, ya tura gabansa. Ban faɗa wa kowa a kasuwa maganar alkama ba. Mai fulawa zai tsaya a layi ya ce fulawa ce ke kashe ubansa?

Na zo wucewa, Baba ya ɗago yankan ya ce da ƙarfi, "Auta, in ci?"

Tela na nan. Mai barkono na nan. Matar da ta sa min albarka na nan.

Na ce, "Haba Baba, sai ka tambaye ni? Ɗan wannan ai ba komai."

Talata, da safe

Cikin Baba ya sake ɓaci da dare, uwar yara ta zo ta tashe ni. Ta miƙo min bokiti da sabulu ta koma kicin.

Talata, bayan azahar

Na wanke. Na shanya. Na shiga na same shi a dunƙule, hannu a ciki, fuska a bango.

Na ce, "Sannu, Baba."

Ya ce, "Ka san na sani. Ina wurin aka faɗa."

"To me ya sa ka tambaye ni?"

"Don in ji me za ka ce."

Na fita na zauna a kan matakala. Na yi ta neman wanda zan ɗora wa, mai shayi, Tela, shi kansa Baban. Na saba, ba a taɓa dawo min da kaya na rasa laifin mai mota ba. Yau ban samu mai mota ba.

Alhamis

Ban rubuta komai jiya ba don ba abin da na yi sai kunya.

Asabar, da hantsi

Ya fara cin shinkafar. Ba ya min magana. Watan da Yaya ta ambata ya riga ya mutu.

Na je na sami mai shayi tun kafin ya hura wuta na faɗa masa komai. Ya saurara ya ce, "To ai ni ba zan iya ba, Buhu. Dattijo ya ce in ba shi, in ce a'a? Sai dai in ya zo in aika a kira ka." Gaskiyarsa. Ba ubansa ba ne.

Laraba, da yamma

Bari in rubuta.

Baba ya matsa sai ya fita, muka zo tare, ya zauna wurin mai shayi da kofinsa kawai. Da rana sai ga Yaya da mota, kamar yadda ta ce. Ba gida ta nufa ba, kasuwa ta zo, ta san inda shaidu suke. Ta sauko da burodi babba a leda, mai zafi, tun daga nesa na ji ƙamshin na gane gidan da aka gasa. Ta durƙusa ta gaida Baba ta ɗora masa a cinya.

"Ci abinka, Baba. In ga wanda zai hana ka."

Ina tsaka da auna wa wata mata. Na ajiye mudun. Kafin in isa ya riga ya buɗe ledar, ya danna yatsa, yana kallon wurin na tasowa. Layin ya yi tsit, har keken Tela ya tsaya.

Baba ya gutsuro. Bai ce in ci ba wannan karon. Kallona kawai ya yi.

Ina da maganganu a baki, wajen goma, kowace za ta sa a yi dariya a wuce wurin. Ban yi ko ɗaya ba. Na goge hannuna a riga, na kama wuyan hannunsa, na buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya, na cire gutsuren. Hannun ba nauyi, kamar na yaro. Na ɗauke ledar daga cinyarsa.

"Ba za ka ci ba, Baba."

Wata ta yi salati. Wani ya ce, "Ubansa fa."

Baba ya ɗaga hannuwansa biyu, waɗanda wuta ta cinye wa gashi, ya nuna wa mutane. Ya ce, "Da waɗannan na gasa abin da ya yi masa wannan tumbin."

Na ce, "Haka ne. Ba za ka ci ba."

Yaya ta miƙe tana huci. "Kun gani da idonku. Baba, tashi mu tafi." Ya tashi. Ta riƙe shi har mota. Na tsaya a tsakiyar layi da burodi a hannu, ban san inda zan ajiye shi ba. Matar da nake auna wa ta kwashe ledarta babu komai a ciki ta tafi shagon gaba.

Na rufe na bi su gida, ko jakarsa in ɗauka masa. Na tarar Yaya ta haɗa kayan, an jere a tsakar gida. Ban yi wanka ba, don haka ban shiga ba, na tsaya a bakin ƙofa da fulawa a jikina. Ina jin su ta labule.

"A gidan naki," in ji Baba, "in na ce a ba ni burodi, za a ba ni?"

"Ko da tsakar dare ne, Baba. Ko guda nawa."

"In na riga na riƙe fa, akwai mai ƙwacewa?"

"Haba Baba. Wa zai yi maka wannan rashin kunyar?"

Sannan ya ce, "To mayar min da kayana."

Yaya ta fara magana, ya katse ta. Ya ce ta je ta tambayi matar Auta me take wankewa tun kafin damina, in ta ji ta dawo su yi magana. Ta fito ta wuce ni ba ta kalle ni ba, ta shiga kicin. Sun daɗe. Da ta fito idonta ja. Ta tsaya a gabana, na ɗauka haƙuri za ta ba ni. Ta kakkaɓe min fulawa a kafaɗa da ƙarfi kamar mai duka, ta ce, "Je ka yi wanka, ƙazami." Ta tafi da motarta ba kowa a baya.

Alhamis, da safe

Har yanzu ba ya min magana.

Asabar, da rana

Labarin ya zaga kasuwa har layin masu ƙarfe. An ce na mari ubana. An ce a kan burodi guda. Na faɗa wa masu tambaya maganar hanji da 'yan dako, suna gyaɗa kai suna kallon buhunana. Wasu matan sun koma awo a gaba.

Tela ya leƙo ya ce, "Buhu, an sauya maka suna, ka ji?" Na ce na ji: ɗan da ya hana ubansa burodi. Ya ɗan tsaya yana wasa da tef ɗin wuyansa. Ya ce, "Ban dai ga wandon tsohon ba kwana biyu." Na ce ba abin ragewa. Ya ce to, ya koma. Labarin rama shi ya kai shi ko'ina. Wannan na san a shagonsa zai kwana.

Wata Talatar, da la'asar

Na daɗe ban buɗe nan ba. Kasuwa na nan yadda take, sunan bai sake ni ba, ina jin ba zai sake ni ba.

Yau na dawo, na yi wanka, na sauya kaya, na je na yi sallama a ƙofarsa kamar kullum, ina jiran gyaran muryar da yake amsa min da ita. Sai na ji ya ce, "Shigo, Auta."

Yana zaune bakin gado, ya naɗe ƙafar wando har gwiwa. Faranti mai jan zare na gefe, ba ko ƙwayar shinkafa.

"Kawo hannunka."

Na durƙusa. Ya kama babban yatsana ya ɗora a ƙwaurinsa ya danna da ƙarfi, sannan ya cire. Muka sunkuya mu biyu muna kallo. Ramin ya ɗan tsaya kamar yana shawara, sai ya taso, a hankali, har ya cike.

"Ya tashi," in ji Baba.



Ya sauke ƙafar wandon. Ya ce, "Kar ka yi wa wutar gaggawa. Ce mata ta ƙaro shinkafar."